Adoor Gopalakrishnan: Rayuwarsa da Ayyukansa a Fagen Finafinan Harshen Malayalam

1.0 Gabatarwa

Idan aka ambaci fim ɗin Indiya a ƙasar Hausa, abin da kan fara zuwa zukatan jama'a shi ne finafinan birnin Bambai, wanda yanzu ake kira Mumbai, watau masu cike da waƙa da rawa da soyayya da faɗa, irin waɗanda aka daɗe ana kallo a gidajen silima na Kano da Kaduna da Zariya da Sakkwato. Da harshen Hindi ake yin waɗannan finafinai. To, amma Indiya ƙasa ce mai harsuna barkatai, har tsarin mulkinta ya lissafa guda 22 da ya amince da su, kuma da yawa daga cikinsu suna da nasu masana'antun fim waɗanda ba su rataya da Bambai ba. Ɗaya daga cikin irin waɗannan harsuna shi ne Malayalam, harshen mutanen jihar Kerala.

Wannan maƙala za ta yi bayani ne a kan rayuwa da ayyukan Adoor Gopalakrishnan, darakta, watau mai tsara fim da ba da umarni a wajen ɗaukarsa, wanda masana suka haɗu a kan cewa yana sahun gaba cikin waɗanda suka sauya alƙiblar fim a wannan harshe. Za a fara da bayanin ƙasar da ya fito, sannan tashinsa da karatunsa, sai a bi manyan finafinansa don fito da jigoginsu da salonsu, a ƙarshe kuma a kawo yabo da sukar da aka yi masa. Tambayar da ke ƙarƙashin wannan nazari ita ce, ko harshen da ba shi ne babba a ƙasarsa ba zai iya ɗaukar fim mai zurfin tunani, ya kai shi idon duniya, ba tare da ya ari rigar wani ba.

2.0 Kerala da Harshen Malayalam

Kerala siririyar jiha ce a kudu maso yammacin Indiya, tsakanin duwatsu ta gabas da Tekun Larabawa ta yamma. An kafa ta ran 1 ga Nuwamba, 1956, lokacin da aka sake yanka jihohin Indiya bisa harsuna, aka haɗa tsofaffin masarautun Travancore da Cochin da lardin Malabar. Malayalam yana cikin dangin harsunan Dirabidiya, ɗan'uwan Tamil ne na kusa, ba shi da dangantaka ta asali da Hindi, kuma masu magana da shi sun haura miliyan 30. Mabiya addinin Hindu ne suka fi yawa a jihar, amma akwai Musulmi da Kirista masu yawan gaske, waɗanda suka daɗe a ƙasar saboda cinikin teku.

Akwai abubuwa uku na tarihin Kerala da ya kamata a riƙe kafin a fahimci finafinan Gopalakrishnan. Na farko shi ne tsarin gado ta wajen uwa, wanda suke kira marumakkathayam. A tsakanin al'ummar Nayar, dangi kan zauna a babban gida guda da ake kira tarawad, dukiya ta bi ta tsatson mata, amma babban namiji na gidan, galibi kawu, shi ne mai riƙon ta. Dokoki sun yi ta raunana wannan tsari tun daga shekarun 1920, har dokar 1975 ta shafe shi. Na biyu shi ne siyasa. A 1957 mutanen Kerala suka zaɓi gwamnatin 'yan gurguzu a ƙarƙashin E. M. S. Namboodiripad, daga nan aka shiga gyaran dokokin mallakar ƙasa, wanda ya kai ga dokar da ta fara aiki ran 1 ga Janairu, 1970, ta mayar da gonaki hannun masu noma su. Manyan gidajen da suka saba ci daga gumin talakawa sai suka wayi gari ba su da madogara. Na uku shi ne ilmi. Kerala ta daɗe tana kan gaba a Indiya wajen yawan masu iya karatu da rubutu, kuma ɗakunan karatu sun bazu har ƙauyuka.

Ta fuskar fim, J. C. Daniel ne ya yi na farko a Kerala, Vigathakumaran, wanda ba shi da magana, a ƙarshen shekarun 1920. Na farko mai magana shi ne Balan, a 1938. A 1965 Ramu Kariat ya fito da Chemmeen, wanda ya ci lambar zinariya ta shugaban ƙasar Indiya. Duk da haka, yawancin finafinan lokacin a cikin ɗakunan ɗaukar hoto ake yin su, akasari a Madaras, da waƙoƙi da dogayen jawabai irin na dandamali.

3.0 Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Gopalakrishnan ran 3 ga Yuli, 1941, a wani ƙauye kusa da garin Adoor, cikin masarautar Travancore. Adoor sunan garin ne, domin al'adar Kerala ce mutum ya jingina sunansa da garinsu, kamar yadda ake cewa Sa'adu Zungur ko Aminu Kano, sai dai su sunan garin suke gabatarwa. Gidansu na masu gonaki ne, kuma sun shahara da ɗaukar nauyin wasan Kathakali. Wannan wasa ne na gargajiya da ake kwana ana yi, inda 'yan wasa kan yi wa fuskokinsu kwalliya da launuka, su ba da labaran littattafan Mahabharata da Ramayana ta hanyar motsin hannu da ido, mawaƙa da makaɗa suna bayansu. Ke nan tun yana yaro ya saba da wasan da ba ya gaggawa, wanda ma'anarsa ke cikin motsin jiki fiye da furucin baki. Haka kuma ya ga rushewar irin gidan da ya tashi a ciki da idonsa.

Ya fara wasan kwaikwayo yana da shekara 8, ya ci gaba da rubutawa da shiryawa har ya zama saurayi. Ya yi karatun tattalin arziki da siyasa da sha'anin mulki a Cibiyar Raya Karkara ta Gandhigram, wadda aka kafa bisa koyarwar Mahatma Gandhi, a ƙasar Tamil. Bayan ya gama sai ya kama aikin gwamnati a sashen tattara alƙaluma. A 1962 ya ajiye wannan aiki ya shiga makarantar koyon aikin fim da gwamnatin Indiya ta buɗe a birnin Pune, inda ya karanci rubutun fim da ba da umarni, ya fita a 1965. A can ne ya ga finafinan Turai da Rasha da Japan, da kuma ayyukan Satyajit Ray, mutumin Bengal, wanda fim ɗinsa Pather Panchali na 1955 ya nuna cewa za a iya ba da labarin talakan ƙauye ba tare da ƙawa ba. A nan ya gane cewa fim ba wasan dandamali ne da aka ɗauka a hoto ba, fanni ne mai cin gashin kansa, wanda hoto da sauti da lokaci su ne harufansa.

4.0 Ƙungiyar Chitralekha

Da ya koma gida, matsala biyu ce ta tare shi: babu mai zuba kuɗi a irin fim ɗin da yake son yi, kuma babu 'yan kallon da suka saba da shi. Sai ya fara da ta biyun. A 1965 shi da abokansa, cikinsu har da Kulathoor Bhaskaran Nair, suka kafa ƙungiyar masu kallon fim ta Chitralekha a birnin Thiruvananthapuram, ita ce irinta ta farko a Kerala. Aikinta shi ne samo fitattun finafinan duniya, a nuna, a tattauna, a yi rubutu a kansu da harshen Malayalam. Ba a daɗe ba irin waɗannan ƙungiyoyi suka yaɗu a garuruwan jihar, malaman makaranta da ɗalibai da ƙananan ma'aikata suka cika su.

Don maganin matsalar farko kuwa, sai suka kafa ƙungiyar gama kai mai wannan suna, don shirya finafinai da rarraba su. Shekaru bakwai Gopalakrishnan ya yi yana yin gajerun finafinan bayani don samun abin kai wa baki, kafin ya sami damar yin cikakken fim. Wannan tsari na fara renon mai kallo kafin a kawo masa abin kallo shi ne ginshiƙin duk abin da ya biyo baya. Daraktoci irin su G. Aravindan da John Abraham sun sami jama'ar da aka riga aka share musu fage a cikinta.

5.0 Manyan Finafinansa

Daga 1972 zuwa 2016 Gopalakrishnan ya yi cikakkun finafinai 12, watau kimanin guda ɗaya a kowace shekara huɗu. Shi yake rubuta labarin da kansa, ko da kuwa daga littafin wani ya ɗauko shi.

5.1 Swayamvaram da Kodiyettam

Swayamvaram ya fito a 1972, da taimakon rance daga hukumar gwamnati mai tallafa wa masu fim. Kalmar tana nufin tsohuwar al'adar nan da 'yar sarki kan zaɓi mijinta da kanta. Labarin Vishwam da Sita ne, waɗanda suka bar iyayensu suka tafi birni don su rayu tare bisa zaɓin kansu. Vishwam yana da burin zama marubuci, amma aka ƙi buga littafinsa. Ya koyar a wata 'yar makaranta, aikin ya kuɓuce, ya koma akawu a wurin sayar da katako. Daga otal mai kyau suka koma mai araha, daga nan sai unguwar matalauta. A ƙarshe ciwo ya kashe shi, ya bar Sita da jaririya, fim ya ƙare tana duban ƙofa a rufe, ba a faɗa wa mai kallo abin da za ta yi ba. An ɗauki yawancinsa a tituna da gidaje na gaskiya, babu rawa da waƙar masoya, babu ɗan barkwanci. Da farko bai yi kasuwa ba, sai da ya ci lambobin ƙasa guda huɗu, na fim da darakta da 'yar wasa, Sharada, da mai ɗaukar hoto, Mankada Ravi Varma, sannan aka sake nuna shi jama'a suka yi tururuwa.

Kodiyettam, na 1977, sunansa yana nufin ɗaga tutar da ke buɗe bikin wurin bauta. Tauraronsa Sankarankutty magidanci ne a shekaru, yaro a hali: ci da barci da yawon bukukuwa da wasa da yara, ƙanwarsa mai aikatau ce ke ciyar da shi. An yi masa aure, matar ta gaji ta koma gidansu. Sai da ya zama yaron mota, ya ga duniya, sannan hankali ya fara shigarsa a sannu. An gina fim ɗin kamar yadda biki ke tafiya, daga sanyin farawa zuwa tashin wuta na rufewa, kuma babu kiɗan rakiya a cikinsa. Ɗan wasan, Gopi, ya ci lambar ƙasa da shi.

5.2 Elippathayam

Elippathayam, na 1981, ma'anarsa tarkon ɓera, shi ne fim ɗinsa na farko mai launi, kuma da yawa suna ganin shi ne bakandamiyarsa. Unni shi ne namijin ƙarshe na wani tarawad da ke rushewa. Ba ya noma, ba ya ciniki, ba ya aure. Yana kishingiɗe a kujera, yana jiran a ɗumama masa ruwan wanka. Yana da 'yan'uwa mata uku. Babbar, Janamma, ta yi aure, rabonta na gado take nema. Ta tsakiya, Rajamma, ita ce baiwar gidan, duk mai neman aurenta sai Unni ya kawo dalilin korarsa, domin in ta tafi babu mai yi masa hidima. Ƙaramar, Sridevi, 'yar makaranta ce, ita ce mai ɗana tarko ta kai ɓerayen da aka kama tafki ta nutsar. Daga baya ta gudu. Rajamma ta kwanta ciwo, Unni bai ɗaga yatsa ba, maƙwabta suka ɗauke ta ta hanyar da ake bi da ɓerayen. Shi kuma ya kulle kansa a ɗaka, tsoro ya cinye shi, har mutane suka fasa ƙofa suka fito da shi suka jefa a tafkin.

Alamtarwar a fili take: gidan shi ne tarkon, mai gidan shi ne ɓeran. Har launin tufafi yana da ma'ana, ja ga Sridevi mai tawaye, shuɗi ga Rajamma mai haƙuri, kore ga Janamma. Abin lura shi ne ba a nuna Unni a matsayin mugu mai zare ido ba. Zaluncinsa na rashin yin komai ne, irin na wanda aka rena shi a kan cewa wasu ne za su yi masa. Hausawa kan ce zamani riga ne, to Unni mutum ne da ya ƙi tuɓe tsohuwar har ta zame masa likkafani. A 1982 Cibiyar Finafinai ta Birtaniya ta ba fim ɗin lambar Sutherland, wadda Satyajit Ray ya taɓa samu.

5.3 Siyasa da Tunani

Mukhamukham, na 1984, watau fuska da fuska, ya taɓo wurin da ke yi wa Kerala ƙaiƙayi. Sreedharan shugaban ƙungiyar ma'aikata ne a wata masana'antar yin tayil ɗin rufi. Bayan an kashe mai masana'antar sai ya ɓace, mabiyansa suka mayar da shi gwarzo a bakinsu. Da ya dawo bayan shekara goma, jam'iyyar gurguzu ta riga ta rabe biyu, kamar yadda ya faru da gaske a 1964, kowane ɓangare yana jiran ya yi magana ya goyi bayansa. Shi kuwa ba ya komai sai shan giya da barci. Bayan an tsinci gawarsa, sai ɓangarorin suka ɗauki hotonsa suka yi jerin gwano. Jigon shi ne yadda jama'a kan fi son hoton shugaba a kan shugaban kansa, domin hoto ba ya ba da kunya. 'Yan gurguzu da dama sun fusata, suka ce cin fuska ne ga gwagwarmayarsu.

Anantaram, na 1987, nazari ne a kan ba da labari shi kansa. Wani saurayi maraya, Ajayan, ya ba da tarihinsa sau biyu ta hanyoyi mabambanta, har mai kallo ya kasa raba abin da ya faru da abin da ƙwaƙwalwarsa mai rauni ta ƙaga. Kathapurushan kuwa, na 1995, wanda aka yi da haɗin gwiwar gidan talabijin na NHK na Japan, ya bi rayuwar Kunjunni, ɗan babban gida mai in'ina, ta cikin manyan al'amuran zamaninsa: kisan Gandhi a 1948, zaɓen 1957, tawayen matasa masu tsattsauran ra'ayin gurguzu, da dokar ta-ɓaci ta 1975. Shi ma ya ci lambar fim mafi kyau na ƙasa.

5.4 Daga Littafi zuwa Fim

Ga mai nazarin adabi, babu abin da ya fi jan hankali kamar yadda Gopalakrishnan ke juya ƙagaggen labari zuwa fim. Mathilukal, na 1990, watau bangaye, daga littafin Vaikom Muhammad Basheer aka ɗauko shi, marubuci Musulmi wanda ya rayu daga 1908 zuwa 1994, aka kuma ɗaure shi a shekarun 1940 saboda rubuce-rubucensa a kan mahukuntan Travancore. A kurkuku Basheer ya ji muryar wata fursuna, Narayani, daga bayan dogon bangon da ya raba sashen maza da na mata. Suka shaƙu ta hanyar hira, busasshen reshe da ake jefawa sama ya zama alamar kira. Suka shirya haɗuwa a asibitin kurkuku, sai aka sake shi kafin ranar, 'yancin da ya daɗe yana jira ya zo masa a matsayin rashi.

Matsalar da ke gaban darakta a nan babba ce. Mai karatu yakan ƙaga fuskar Narayani a zuciyarsa, amma fim sana'ar nunawa ce. Gopalakrishnan ya ƙi nuna ta sam. Murya kawai ake ji, ta 'yar wasa K. P. A. C. Lalitha, kyamara kuma tana nan ɓangaren maza tare da Mammootty, wanda ya fito a matsayin Basheer. Ta haka aka ɗaure mai kallo a inda aka ɗaure tauraron. Fim ɗin ya sami lambar ƙungiyar masu sharhin finafinai ta duniya a bikin Venice.

Vidheyan, na 1993, watau mai biyayya, daga gajeren littafin Paul Zacharia ne. Thommi, Kirista matalauci da ya yi ƙaura zuwa kudancin Karnataka neman gona, ya faɗa hannun wani azzalumin mai ƙasa, Bhaskara Patelar, wanda ya wulakanta shi, ya keta mutuncin matarsa, sannan ya mayar da shi baransa. Abin tsoro a labarin shi ne yadda Thommi ya saba, har ya zama ba ya iya tunanin rayuwa ba tare da ubangidan ba. Fim ɗin yana nuna cewa zalunci igiya ce mai baki biyu, da mai ja da wanda ake ja duk tana ɗaure da su. Zacharia ya fito fili ya nuna rashin gamsuwa da yadda aka sarrafa labarinsa, abin da ya ta da muhawara a Kerala a kan iyakar haƙƙin marubuci da na darakta.

5.5 Nizhalkuthu da Ayyukan Baya

Nizhalkuthu, na 2002, ya koma Travancore ta shekarun 1940. Kaliyappan shi ne mai rataye waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa, aikin gado ne, ana ba shi gona da alawus a kansa. Jama'a suna gudunsa, kuma suna zuwa wurinsa neman magani, domin sun yi imani cewa tokar igiyar rataya tana warkarwa. Shi kuwa zuciyarsa ba ta da sukuni tun da ya gane ya taɓa rataye marar laifi. Fim ɗin ya nuna wata dabarar fada: akan aika takardar afuwa ta yadda ba za ta iso ba sai an riga an zartar, don sarki ya wanke hannunsa, alhaki ya zauna a wuyan talakan da ya ja igiya.

A 2007 da 2008 ya yi Naalu Pennungal da Oru Pennum Randaanum, dukansu daga gajerun labaran Thakazhi Sivasankara Pillai, na farkon a kan mata huɗu da matsayinsu game da aure. Pinneyum ya biyo baya a 2016. Ban da waɗannan, ya yi finafinan bayani masu yawa a kan wasannin gargajiya, kamar Kathakali da Yakshagana da Kutiyattam, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2001.

6.0 Salonsa

Ana iya taƙaita salon Gopalakrishnan cikin abubuwa huɗu. Na farko, tsumulmular magana. 'Yan wasansa ba sa bayyana abin da ke ransu da baki, sai a gane shi daga yadda mutum ke cin abinci, ko inda ya tsaya a ɗaki, ko wanda ke zaune da wanda ke tsaye. Na biyu, sauti. Kukan tsuntsu da ƙarar ƙofa da saukar ruwan sama sukan ɗauki aikin da kiɗa ke yi a finafinan kasuwa. Na uku, jinkiri. Yakan bar hoto ya daɗe don mai kallo ya ji nauyin lokaci kamar yadda mutanen labarin ke jin sa, kuma a nan ana iya ganin tasirin Kathakali. Na huɗu, maimaitawa. Tafiya zuwa tafki a Elippathayam tana dawowa kamar amshi a waƙa, kowace dawowa da ƙarin ma'ana.

Daɗin daɗawa, ya riƙe abokan aiki na dindindin. Mankada Ravi Varma ne ya ɗauki hoton finafinansa tun daga Swayamvaram har zuwa Nizhalkuthu. Wani attajiri mai cinikin kashu a garin Kollam, K. Ravindranathan Nair, shi ya ɗauki nauyin huɗu daga cikinsu. Haka nan bai taɓa yin cikakken fim da wani harshe ba sai Malayalam, ko da yake kasuwar Hindi ta fi girma nesa ba kusa ba.

7.0 Yabo da Suka

Gwamnatin Indiya ta ba shi lambar Padma Shri a 1984 da Padma Vibhushan a 2006. Ya sami lambar Dadasaheb Phalke ta shekarar 2004, wadda babu ta sama da ita a fagen fim a Indiya, sannan jiharsa ta ba shi lambar J. C. Daniel ta 2016. Sau biyar yana cin lambar darakta mafi kyau na ƙasa. Littafinsa Cinemayude Lokam, watau duniyar silima, wanda ya rubuta da Malayalam, shi ma ya ci lambar ƙasa.

Amma bai tsira daga suka ba. Wasu sun ce finafinansa sun cika sanyi, an yi su ne don bukukuwan Turai da masu ilmi, ba don talakan da ya biya kuɗin shiga silima ba. Masu kare shi kan amsa da cewa a Kerala aka fara kallonsu, aka kuma fi yin gardama a kansu. Wasu manazarta sun lura cewa idonsa ya fi sauka a kan manyan gidajen Nayar, 'yan ƙananan dangogi kuwa sukan tsaya a gefen hoto. Wannan batu ya ƙara zafi a Janairun 2023, lokacin da ya sauka daga shugabancin makarantar fim ta K. R. Narayanan, bayan ɗalibai sun yi zanga-zanga suna zargin hukumar makarantar da nuna bambancin dangi, shi kuwa ya ce zargin ba shi da tushe.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa finafinan Gopalakrishnan tarihi ne na yadda Kerala ta fita daga mulkin masu ƙasa ta shiga zamanin jam'iyyu da albashi, an ba da shi ta rayuwar mutane ɗaiɗai waɗanda sauyin ya rutsa da su: mai gidan da ya kasa motsi, jagoran da ya gaji, baran da ya manta da 'yanci, da matan da kowane tsari ya ɗora wa kaya. Game da tambayar da aka yi a farko kuwa, aikinsa ya nuna cewa ƙarancin masu jin harshe ba ya hana fim isa nesa. Sai dai hakan bai samu a banza ba. Ya samu ne saboda akwai adabi mai ƙarfi da aka ɗebo daga cikinsa, da wasannin gargajiya da aka nazarta, da 'yan kallo da aka yi shekaru ana reno, da kuma mai sana'a da ya yarda ya yi fim 12 kacal cikin shekara 44.